Oleksandr Klymenko: Zakaran Turai a jifan ƙwallon ƙarfe da aka harbe yana ɗan shekara 29

Cikin shekara uku kacal, Oleksandr Klymenko ya shiga fili ƙarƙashin tutoci uku daban-daban. Ya fara da jar tutar Tarayyar Sobiyet, ya koma ƙarƙashin tutar Olamfik lokacin da ƙasar da ta raine shi ta rushe, sannan ya ɗaga tutar Yukren mai launin shuɗi da rawaya.

An haife shi ranar 27 ga Maris, 1970, a Yukren, wadda a lokacin take ɗaya daga cikin jamhuriyoyi 15 na Tarayyar Sobiyet. Gwamnatin wancan zamani tana da makarantu na musamman da ke zaƙulo yara masu ƙira da ƙarfi, ta ba su masu horarwa, abinci da wurin atisaye. Irin wannan tsari ne ya samar da 'yan wasan zamaninsa.

Wasan da ya zaɓa na buƙatar ƙarfi da dabara tare. Ɗan wasa yana tsayawa cikin da'ira mai faɗin mita 2.135, ya manna ƙwallon ƙarfe mai nauyin kilo 7.26 a gefen wuyansa, ya ingiza shi da hannu ɗaya. Idan ƙafarsa ta taka wajen da'irar kafin ƙwallon ya sauka, jifan ya lalace. Kamar yadda masu kallon kokowa a Dogondutsi da Tibiri suka sani, girman jiki kaɗai ba ya kayar da abokin karawa. A nan ma ƙarfin yana tasowa ne daga ƙafa da ƙugu kafin ya kai ga hannu.

Sunan Klymenko ya fara fita a 1988, lokacin da ya ci zinare a gasar matasa ta duniya a Sudbury ta ƙasar Kanada yana ɗan shekara 18. A 1991 ya sake cin zinare a gasar ɗaliban jami'o'i ta duniya a Sheffield da ke Ingila.

A ƙarshen watan Agustan wannan shekarar ya je gasar duniya a Tokyo. Ranar 24 ga watan majalisar Yukren ta ayyana 'yancin kai, shi kuwa ya fafata a gasar sanye da rigar Sobiyet. Ya yi jifan mita 20.34, ya zo na huɗu. Daga baya aka ƙwace azurfar Georg Andersen na Norway saboda amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, sai tagulla ta dawo hannun Klymenko. Werner Günthör na Switzerland ne ya ci zinaren.

A watan Disamban 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje. A gasar Olamfik ta Barcelona a 1992, Klymenko ya fafata cikin tawagar haɗaka ta tsoffin jamhuriyoyin, wadda ba ta da tutar ƙasa. Bai samu lamba ba.

A gida kuwa rayuwa ta yi tsanani. A 1993 farashin kaya a Yukren ya ninka fiye da sau ɗari cikin shekara guda, kuɗin ƙasar ya zama takarda. Tallafin da 'yan wasa suka saba samu ya ja baya, masu horarwa da yawa suka tafi ci-rani ƙasashen waje.

Cikin wannan hali ne ya kai ƙololuwar nasararsa. A watan Agustan 1994, a gasar Turai da aka yi a Helsinki, karon farko da Yukren ta shiga da sunanta, Klymenko ya yi jifan mita 20.78 ya ɗauki zinare. Oleksandr Bagach ya ci azurfa, Roman Virastyuk ya ci tagulla. Duka matakai uku na karɓar lamba 'yan Yukren ne suka hau, abin da ba kasafai ake gani ba a babbar gasa.

Bayan Helsinki tauraronsa ya fara dusashewa, Bagach ya karɓe gaba. Shi ne ya ci tagulla a Olamfik ta Atlanta a 1996, kuma ya zo na ɗaya a gasar duniya ta Athens a 1997, amma aka ƙwace zinaren bayan an samu sinadarin efedrin a jikinsa.

Ranar 7 ga Maris, 2000, aka harbe Klymenko har lahira a birnin Kyiv, saura kwana 20 ya cika shekara 30. A wannan wasa, masu jifa da yawa sai sun kusa shekara 30 ko sun haura suke kai ƙarshen ƙarfinsu. Günthör da ya doke shi a Tokyo yana da shekara 30 a lokacin, kuma ya sake cin zinare a gasar duniya a 1993.

Virastyuk, na ukunsu a Helsinki, ya rasu a 2019. Sunayen mutanen uku na nan jere a kundin gasar Turai ta 1994, na Klymenko a sama.