Abbas ɗan Firnas, malamin Andalus da ya ɗaura fukafukai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ya kai mai karatu, sau da yawa za ka ji ana cewa Musulmi ne ya fara ƙera jirgin sama. Maganar tana da tushe, amma an sa mata gishiri. Ga yadda abin yake.

Shi ne Abul Ƙasim Abbas ɗan Firnas, jinin Barbar na Arewacin Afirka. An haife shi a yankin Ronda ta ƙasar Andalus, wato Sifaniya a yau, wajen shekarar 810 miladiyya. Ya zauna a Ƙurɗuba, ya yi zamani da sarakunan Banu Umayya, cikinsu har da Abdurrahman na biyu da ɗansa Muhammad. Mawaƙi ne, masanin taurari. An ruwaito cewa shi ya warware wa malaman garin littafin Aruli na Khalil ɗan Ahmad bayan ya gagare su. Ya sarrafa gilashi daga dutse, ya ƙera agogon ruwa, ya kuma shirya wani ɗaki a gidansa wanda mai shiga zai ga kamar taurari da gajimare da walƙiya. Irin waɗannan ayyuka suka sa wasu suka tuhume shi da zindiƙanci, aka kai shi gaban alƙali, amma tuhumar ba ta tabbata ba. Ka lura, shari'a ce ta wanke shi daga bakin jama'a.

Labarin tashinsa kuwa yana cikin Nafhuɗ Ɗib na Maƙƙari, wanda ya rasu a 1632. Ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai biyu, ya tafi cikin iska da nisa, amma wajen sauka ya ji ciwo a baya saboda bai yi wa kansa wutsiya ba. Mintunan da ake ƙirga masa a sama, ƙarin 'yan baya ne.

Batun wutsiyar nan shi ya fi cancanta ka tsaya a kai. Iska ba fanko ba ce. Ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, suna bugun duk abin da ya ratsa su. Idan fiffike ya keta su a ɗan karkace, yana tura su ƙasa, matsin da ke ƙarƙashinsa ya rinjayi na samansa, sai ya ɗagu. Sai dai fiffike shi kaɗai ba ya riƙe daidaito. Da karkatarsa ta canja, gaba ya sunkuya ko ya cilla sama. In karkatar ta yi yawa, iskar ta rabu da bayansa, ɗagawar ta zube nan take. Wajen sauka kuma dole a rage gudu, nan haɗarin ya fi. Dubi tattabara za ta sauka kan katanga, yadda take baza wutsiya. Jirgin yau ma haka ne: shimfiɗaɗɗen ɓangaren wutsiyarsa ke ɗaga hanci ko sauke shi, na tsaye kuma ke karkata shi dama ko hagu.

Saboda haka abin da Abbas ya yi shawagi ne a kan iska, ba jirgi mai inji ba. Wannan sai 1903, a hannun 'yan'uwan nan Wright a Amurka.

Ya rasu a Ƙurɗuba a 887, daidai da 274 bayan hijira. Akwai wani rami a bayan wata mai sunansa, da wata gada a Ƙurɗuba da aka buɗe a 2011. Allah Ya jiƙansa.