Zunnuni Ba Sunan Dariya Ba Ne

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in jawo hankalin masu yi wa sunan Zunnuni dariya, wai ba na Musulunci ba ne. Jama'a, ma'anarsa ma'abucin kifi, kuma laƙabin Annabi Yunusa ne a Suratul Anbiya.

Waliyyin da ya yi fice da shi kuwa shi ne Zunnunul Misri. Sunansa na yanka Saubanu ɗan Ibrahim. An haife shi a Akmim ta ƙasar Masar, mahaifinsa mutumin Nuba ne. An ce an taɓa ɗora masa satar lu'ulu'u a jirgin ruwa, ya roƙi Allah, sai ga kifaye kowanne da lu'ulu'u a baki. Daga nan sunan ya bi shi.

Yana cikin sufayen farko da suka yi bayanin ma'arifa. Mahassada suka kai ƙararsa wurin Halifa Mutawakkil, aka kai shi Iraƙi a ɗaure. Da ya yi wa'azi, halifa ya fashe da kuka, ya sallame shi cikin girmamawa. Ya rasu a Giza wajen shekarar 859.

Don Allah kafin mu kushe sunan yaro, mu tambayi malamai.