C. V. Raman: Akantan da Ya Gano Sirrin Warwatsuwar Haske

Mai karatu, mutumin da zan ba ka tarihinsa a wannan fitowa masanin kimiyyar fiziks ne daga ƙasar Indiya. Cikakken sunansa Chandrasekhara Venkata Raman. An haife shi ranar 7 ga watan Nuwamba, 1888, a garin Tiruchirappalli da ke kudancin Indiya, a zamanin mulkin Turawan Ingila. Mahaifinsa malamin lissafi da fiziks ne, don haka cikin littattafai ya tashi. Yana ɗan shekara 11 ya ci jarrabawar kammala sakandare. Ya sami digirinsa na farko a Madaras a 1904, na biyu kuma a 1907. Tun yana ɗalibi, a 1906, wata mujallar kimiyya ta Landan ta buga bincikensa na farko.

An so ya tafi Ingila ƙarin karatu, amma likita ya hana saboda ba shi da ƙoshin lafiya. Sai ya kama aikin gwamnati a ma'aikatar kuɗi, aka tura shi Kalkata a 1907 a matsayin mataimakin babban akanta. A nan ne ya tarar da wata ƙungiyar bunƙasa kimiyya da wani likita, Mahendralal Sircar, ya kafa tun 1876 a titin Bowbazar. Akwai ɗakin gwaji, amma kusan babu mai amfani da shi. Raman ya nemi izini aka ba shi. Da sassafe yakan je can, ya wuce ofis, da yamma ya dawo har dare. Kimanin shekara goma ya yi a haka, yana nazarin sautin kayan kiɗa irin su gogen Turawa da gangunan Indiya. A 1917 Jami'ar Kalkata ta ba shi kujerar farfesa. Albashin bai kai na ma'aikatar kuɗi ba, duk da haka ya karɓa.

A 1921 ya yi tafiyarsa ta farko zuwa Ingila a jirgin ruwa, launin tekun Bahar Rum ya ɗauke masa hankali. Babban masanin nan Lord Rayleigh ya riga ya bayyana cewa shuɗin teku hoton sararin sama ne kawai a kan ruwa. Raman bai gamsu ba. Yana da wani ɗan gilashi a aljihu mai kawar da hasken da fuskar ruwa ke mayarwa. Ya leƙa ta cikinsa, hoton sama ya gushe, amma shuɗin yana nan, har ma ya ƙara turuwa. Ke nan ruwan da kansa ne yake warwatsa hasken rana.

Daga nan shi da ɗalibansa suka duƙufa a kan warwatsuwar haske, kuma wannan ɓangare ne ya fi burge ni, saboda kayan aikinsu ba wasu na a zo a gani ba ne. Madubi ne ke turo hasken rana, gilashin na'urar hangen nesa ya tattara shi, sai ya ratsa wani gilashi mai launin shunayya ya shiga kwalbar ruwan da ake gwadawa. Mai dubawa yana cikin duhu, yana kallon kwalbar daga gefe ta cikin koren gilashi. Hikimar ita ce: koren gilashi ba ya barin hasken shunayya ya wuce. In dai hasken da ya warwatsu bai sauya launi ba, duhu kawai za a gani. Amma sai ga wani ɗan haske dishi-dishi.

Tun 1923 ɗalibinsa K. R. Ramanathan ya lura da wannan haske, sai aka ɗauka datti ne a cikin ruwan yake ƙyalli. Zaton ba na banza ba ne, domin akwai abubuwan da kan sha haske su fitar da nasu da wani launi. Suka yi ta tace ruwan ta hanyar tururi, sau da yawa, amma hasken ya ƙi ɓacewa. A farkon 1928 K. S. Krishnan ya gwada ruwaye kusan iri 60, ya ga abin a cikinsu. Sannan suka ajiye hasken rana, wanda launukansa a cakuɗe suke, suka koma ga fitilar zaiba mai fitar da tsayayyun launuka. Ranar 28 ga Fabrairu, 1928, Raman ya duba ta ƙaramar na'urar rarrabe launuka, ya ga sabon layin haske wanda babu shi a hasken fitilar.

Bayanin abin shi ne, ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu suna da irin tasu girgizar. Mafi yawan hasken da ya bugi ƙwaya yakan koma yadda ya zo. Amma kimanin kashi ɗaya cikin miliyan goma yakan ba ƙwayar wani abu daga ƙarfinsa, ko ya karɓa daga gare ta, sai launinsa ya ɗan gusa. Tun da girgizar kowane sinadari daban take, layukan da yake fitarwa sun zama kamar zanen yatsa.

An ba shi kyautar Nobel a 1930, shi ne ɗan Asiya na farko da ya same ta a fannin kimiyya. Tsabar amincewa da kansa, ya yanki tikitin jirgi watanni kafin a sanar da sunansa. To amma mutum tara yake bai cika goma ba. Krishnan, wanda ya yi yawancin dubawar, bai shiga kyautar ba. Haka ma Landsberg da Mandelstam, waɗanda suka ga wannan abu a cikin dutsen ƙarau a Mosko a watan Fabrairun nan dai. A ganina ya kamata a riƙa ambaton su ukun duk lokacin da aka ambaci Raman. Bayan haka, da ya zama shugaban Cibiyar Kimiyya ta Indiya a Bangalo a 1933, ya ƙi karɓar Kamala Sohonie don kawai mace ce. Sai da ta dage sannan ya yarda, bisa sharuɗɗa. Saɓani da hukumar cibiyar ya sa ya sauka daga shugabancin a 1937. A 1948 ya kafa tasa cibiyar binciken a Bangalo, a can kuma ya rasu ranar 21 ga Nuwamba, 1970.

Raunin hasken ya daɗe yana taƙaita amfanin bincikensa, har sai da aka ƙirƙiro leza a 1960. Yanzu masu sha'awa kan haɗa na'urar a gida: koriyar leza, gilashin da ke tare hasken lezar kansa, faifai mai rarrabe launuka, da idon kyamara. Hasken lezar yana iya makantar da mutum, sai da tabarau na musamman. Matsalar da ta fi damun su kuwa ita ce ta 1923, wato ƙyallin da ke danne layukan, shi ya sa wasu ke komawa ga leza mai hasken da ya ɗara ja. A nan Nijeriya, wajejen 2010 hukumar NAFDAC ta fara amfani da TruScan, na'urar hannu mai aiki da wannan hanya, wajen gano jabun magunguna. Indiya kuwa ta mayar da 28 ga Fabrairu ranar kimiyya ta ƙasa, tun daga 1987 ake bikinta.