Alhaji Umaru Na Salga Da Takwarorinsa

Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma in ana lissafin sunayen da suka yi albarka a wurinmu, to da wuya a tsallake Umaru. Babu layin da mutum zai shiga a Sabon nan ya ƙwala kiran Umaru, ko Sanda, ko Faruku, bai ga mutum biyu ko uku sun waiwayo ba. Dukkansu dai albarkacin Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, halifa na biyu, suke nema.

A tarihin ƙasarmu ma masu wannan suna ba kaɗan ba ne. Akwai Malam Ummarun Dallaje, wanda ya karɓo tutar Shehu Usmanu ya zama Sarkin Katsina na farko a gidan Fulani. Akwai Shehu Umar na Barno, ɗan Shehu Laminu, da ya yi sarauta a Kukawa har ya rasu a 1881. A shekarar nan kuwa aka naɗa Umaru ɗan Aliyu Babba Sarkin Musulmi, ya shekara goma a kan gado. Ga kuma Umaru Nagwamatse, jikan Shehu, wanda ya kafa Kwantagora ya rasu a 1876. Waɗannan duk masu tambari ne da dawaki.

To amma akwai wasu biyu da aka fi rikita su, domin kowannensu Alhaji Umaru ake ce masa, kuma kowannensu Batijjane ne mai rubutu. Na farko shi ne Alhaji Umaru Futi, wanda aka haifa a Futa Toro ta ƙasar Senegal. A hanyarsa ta dawowa daga Makka ya zauna Sakkwato shekaru da dama wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har Bello ya ba shi auren 'yarsa. Shi ne mai littafin Rimahu. Ya koma yamma ya ɗaga tutar jihadi a 1852, ya ci Segu a 1861, ya rasu a 1864 cikin duwatsun Bandiyagara a ƙasar Mali ta yau.

Na biyun shi ne wanda muke son mu tsaya a kansa, domin namu ne: ɗan fatake, mazaunin zango, wanda bai taɓa riƙe tuta ko takobi ba. Mutanen Gana suna kiransa Imam Imoru ko Alhaji Umaru na Kete-Karaci, wasu kuma su ce na Salga.

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858. Sunan mahaifinsa Abubakar, asalin gidansu kuwa Kabi ne, shi ya sa in ya sa hannu a rubutunsa yakan jingina kansa ga Kabi da Kano da Salga gaba ɗaya. Ya yi karatun allo a Kano, sa'an nan ya ci gaba da neman ilmi wurin malaman ƙasar Sakkwato da Gwandu. Mahaifinsa bafatake ne, saboda haka tun da ƙuruciya ya san bin ayari, yana karatu yana fatauci.

A zamanin nan goron da ake ci a Kano da Katsina da Barno daga dazuzzukan Asante yake fitowa, mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Babbar kasuwarsa kuwa ita ce Salga a ƙasar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan haɗa ayari ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, su loda wa jakuna kanwa da turkuɗi da riguna da jemammun fatu. Su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Jugu da Yandi, su yi watanni kafin su sauka Salga. Kada mu ɓoye, kasuwar nan har bayi ake sayarwa a cikinta. Wannan ita ce duniyar da Malam Umaru ya tashi ya tarar.

Abin da ya fara fito da sunansa wani ɗan littafi ne da ya rubuta da Larabci a 1877, yana da shekara kamar ashirin, a kan yadda ake tsara wasiƙa. Ya kawo misalan wasiƙu iri-iri, yadda ake buɗewa da yadda ake rufewa, gwargwadon matsayin wanda aka aika wa. Duk wanda ya taɓa ba da kaya amana zuwa gari mai nisa ya san darajar wannan. Bafatake yana Gwanja, iyalinsa suna Kano, abokin cinikinsa yana Jega, babu waya babu gidan waya, ai takardar da malami ya rubuta ita ce bakinsa, ita ce shaidarsa. Malamai suka yi ta kwafar littafin yana yawo daga zango zuwa zango.

Lokacin da Malam Umaru ya yi zaman Salga, kasuwar ta riga ta fara sanyi. Tun da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874 mutanen Salga suka fita daga hannun Tonawa, su kuma Tonawa suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Sai ga babbar masifa a 1892. Gidajen sarautar Gwanja da ke Kpembe, garin sarakuna da ke gefen Salga, suka yi rikici a kan gadon sarauta. Ɓangare ɗaya ya gayyato mayaƙan Dagomba da Nanumba, aka gwabza, aka washe Salga. Baƙin da suka gina gidaje da masallatai da rumfuna suka watse, kowa ya kama gabansa. Daga baya Malam Umaru ya tsara doguwar waƙa da Larabci yana ba da labarin wannan fitina, kuma har yau masu binciken tarihin Gwanja suna dogara da ita.

Shi kansa ya gangara kudu, zuwa 1896 ya zauna a Kete, zangon fatake da ke manne da garin Karaci a bakin kogin Bolta. A lura, ba Karaci ta Pakistan ba ce. A lokacin wurin yana hannun Jamusawa, cikin ƙasar da suke kira Togo. Nan ya zama limami, ya buɗe makaranta, almajirai suka yi ta zuwa daga nesa, waɗanda daga baya suka zama malamai da limamai a zangunan ƙasar Gana.

Ya ga zuwan Turawa da idonsa, kuma bai yi shiru ba. Ya yi waƙoƙi biyu da Larabci wajen 1899 da 1900 a kan yadda suka shigo da sunan ciniki da zaman lafiya, ƙarshe suka mamaye ƙasa. A 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingilishi, ya yi Waƙar Nasara da Hausa, yana jera garuruwa da sarakunan da aka ci ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka bai ƙi zama da su ba. Wani jami'in Jamus a Kete-Karaci mai suna Adam Mischlich, wanda ya buga ƙamus na Hausa a 1906, ya yi karatu a wurinsa. Malam ya rubuta masa takardu masu yawa da ajami a kan tarihin Kabi da Kano da sauran ƙasashen Hausa, da sana'o'i, da fatauci, da aure, da al'adu. Baturen ya kwashe su ya tafi da su Turai, shi ya sa suka tsira. A 1973 wani ɗalibi a Amurka ya fassara su zuwa Turanci ya sami digirin dakta da su, a 2000 kuma wani masani ɗan ƙasar Foland ya buga wasunsu a littafi.

Waƙarsa da ta fi taɓa mu 'yan kasuwa ita ce ta Talauci da Wadata. A ciki ya nuna yadda ake wulaƙanta marar shi ko da gaskiya ce a bakinsa, ake kuma girmama mai shi ko da shirme yake faɗa. Wanda duk jarinsa ya taɓa karyewa ya san ba ƙarya ya yi ba. Haka kuma ya yi waƙa a kan annobar murar nan ta 1918 da ta kashe mutane bila'adadin, ya kuma juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa don almajiransa.

A 1913 ya tafi aikin Hajji, kuma a can ne Allah Ya haɗa labarinsa da na takwaransa. Bayan Faransawa sun rushe daular Alhaji Umaru Futi, zuriyarsa sun yi hijira zuwa ƙasar Sakkwato. Cikinsu akwai Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda bayan yaƙin Burmi na 1903 ya zarce Madina ya zauna. A hannun wannan Alfa Hashim ne Umarun Salga ya karɓi wuridin Tijjaniyya. Kun ga ke nan masu rikita su ba su yi nisa ƙwarai ba, akwai silsila a tsakani, sai dai mutum biyu ne daban, kuma lokacin da na Futa ya rasu na Kano bai wuce shekara shida ba.

Alhaji Umaru ya dawo Kete ya ci gaba da karantarwa, a lokacin wurin ya koma hannun Ingilishi. Nan ya rasu a 1934. Bayan shekara talatin da 'yan kai, da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Bolta ya shanye tsohuwar Kete-Karaci, aka tashi mutane zuwa sabon wuri. Salga yaƙi ya watsa ta, Kete ruwa ya ci ta, amma takardunsa suna nan a Jami'ar Gana da ke Legon da kuma hannun malamai.

'Yan'uwa, mu ma goron nan ne ya sauko da iyayenmu kudu, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, kasuwar goro ta dawo Shagamu da Agege da Ibadan, inda aka kafa Sabo a 1916. Labarin Salga ya ishe mu darasi: rikicin sarautar masu gari in ya tashi, rumfar baƙo ake fara ƙonawa, saboda haka mu kiyaye bakinmu da ƙafarmu daga shiga abin da ba namu ba. Sa'an nan mu tambayi kanmu, wa ya rubuta sunayen waɗanda suka fara sauka a unguwar nan, da sarakunanmu da limamanmu bi da bi? Dattawan da suka sani suna ta tafiya, 'ya'yanmu da yawa kuwa ko ajami ba sa iya karantawa, wasu Hausar ma da ƙyar. Ya kamata ƙungiya ta ɗauki wannan aiki tun da sauran masu ba da labari, kowane gida kuma ya fito da tsofaffin wasiƙu da takardun da ke cikin adaka a adana su.

Wanda duk ya raɗa wa ɗansa Umaru, to ya zaunar da shi ya gaya masa labarin wannan takwara nasa. Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru da sauran magabata, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwa, amin.