William Beveridge (1879-1963): Masanin Tattalin Arzikin Ƙwadago da Lafiya

Gabatarwa

Daga cikin masanan da bincikensu ya fita daga ɗakin karatu ya shiga gidajen talakawa akwai William Beveridge na ƙasar Birtaniya. Wannan darasi zai yi tsokaci a kan rayuwarsa, da aikinsa na jami'a, da kuma nazarce-nazarcen da ya gudanar a kan rashin aikin yi da kiwon lafiya.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Beveridge a ranar 5 ga Maris, 1879 a garin Rangpur, wanda a yau yake cikin ƙasar Bangaladash. Mahaifinsa alƙali ne a gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya. Ya yi karatun lissafi da adabin Girka da Rum a Kwalejin Balliol ta Jami'ar Oxford. A shekarar 1903 ya kama aiki a Toynbee Hall, wata cibiyar taimakon jama'a da ke unguwannin matalauta na gabashin Landan. A nan ne ya fara ganin talauci ido da ido.

Bincikensa a Kan Rashin Aikin Yi

A wancan zamani, mutane da yawa sun ɗauka lalaci ne ke hana mutum samun aiki. Beveridge ya nazarci 'yan dakon tashar jiragen ruwa ta Landan, inda ya lura cewa kowace safiya ɗimbin leburori ne ke taruwa a bakin ƙofa, a ɗauki kaɗan, sauran su koma gida hannu rabbana. Kowane kamfani yana da nasa taron masu jira, don haka aka tara ma'aikata fiye da buƙata. A littafin da ya wallafa a 1909 ya nuna cewa cutar tana ga yadda aka tsara kasuwar ƙwadago. Maganin da ya kawo shi ne kafa ofisoshin da za su riƙa haɗa mai neman aiki da mai neman ma'aikaci. Winston Churchill ya jawo shi Ma'aikatar Ciniki a 1908, aka yi dokar kafa ofisoshin a 1909, sannan aka biyo da inshorar rashin aikin yi ga wasu sana'o'i a 1911.

Aikinsa na Jami'a

Daga 1919 zuwa 1937 Beveridge ya shugabanci Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, inda ya faɗaɗa gine-ginenta da ɗakin karatunta. A 1933 ya jagoranci kafa wata ƙungiya don agaza wa malaman jami'a da gwamnatin Hitila ta kora daga aiki a Jamus. A 1937 ya koma Oxford a matsayin shugaban ɗaya daga cikin kwalejojinta, kuma a 1939 ya fitar da littafi a kan tarihin farashin kaya da albashi a Ingila.

Rahoton 1942

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a 1941, gwamnati ta ɗora masa shugabancin kwamitin duba tsarin inshorar jama'a. Rahotonsa ya fito a Disamba 1942, aka sayar da fiye da kwafi 600,000. A ciki ya zayyana manyan abokan gaba biyar, wato fatara, da cuta, da jahilci, da ƙazantar muhalli, da zaman kashe wando. Ya nuna cewa kashi uku cikin huɗu ko fiye na fatara yana faruwa ne idan samun kuɗi ya yanke saboda ciwo, ko tsufa, ko rasa aiki. Saboda haka ya ba da shawarar kowane ma'aikaci ya riƙa zuba kuɗi daidai wa daida duk mako, a tallafa masa ranar da hali ya canza. Ya kuma gindaya sharuɗɗa uku: alawus na yara, da kula da lafiyar kowa, da hana yawaitar rashin aiki, domin asusun ba zai ɗore ba muddin marasa lafiya da marasa aiki sun yi wa masu zuba kuɗi yawa. Wannan rahoto ne ya share fagen kafa Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wadda minista Aneurin Bevan ya buɗe a ranar 5 ga Yuli, 1948.

Masu nazari sun soki tsarin ta fuska biyu. Na farko, ya ɗauki matar aure a matsayin mai dogaro da mijinta. Na biyu, zubi iri ɗaya ya fi yi wa mai ƙaramin albashi nauyi.

Kammalawa

Beveridge ya shiga majalisar dokoki a 1944, ya faɗi zaɓe a 1945, aka naɗa shi majalisar dattawa a 1946. Ya rasu a Oxford a ranar 16 ga Maris, 1963. Abin da ɗalibi mai shirin zama malami zai lura da shi a nan shi ne tsarin aikinsa: sai ya je ya gani, ya tattara alƙaluma, ya gano musabbabi, kafin ya ba da shawara.