Samuel Okwaraji: ɗan wasan tsakiyar da ya faɗi a filin Surulere

Duk lokacin da motar haya ta bi da ni ta gaban babban filin wasa na Surulere a nan Legas, sai na leƙa wajen mutum-mutumin nan mai dogon gashi da ke bakin ƙofa. Yawancin yaranmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 suna wuce shi kullum ba su san ko wane ne ba. Samuel Okwaraji ke nan, ɗan wasan tsakiya na Najeriya, wanda ya mutu a cikin wannan fili yana da shekara 25. Ni kuwa tun ina yaro a Kafanchan na san sunansa, shi ya sa na ga ya dace in ba matasanmu tarihinsa.

An haife shi ranar 19 ga Mayu, 1964, ɗan ƙabilar Ibo ne daga yankin Orlu a Jihar Imo ta yanzu. A farkon shekarun 1980 ya tafi Italiya, kuma karatu ne ya kai shi. A birnin Rum ya karanta fannin shari'a har ya kai matakin digiri na biyu a dokokin ƙasa da ƙasa. Yana cikin karatun ne ƙwallo ta buɗe masa ƙofa. Ya fara da matasan ƙungiyar AS Roma, daga nan ya wuce Dinamo Zagreb a tsohuwar Yugoslabiya, sai Austria Klagenfurt, sannan VfB Stuttgart ta Jamus ta ɗauke shi ta ba da aronsa ga SSV Ulm. Ƙasa huɗu ke nan cikin 'yan shekaru, kowacce da sanyinta. Duk wanda ya bar garinsu ya zo Kudu neman abinci ya san abin da ake nufi da zama inda ba ka da kowa. Shi ma ɗan ci-rani ne, sai dai nasa ci-ranin ya ƙetare teku.

A lokacin, kusan babu wanda ya san shi a gida, domin bai taɓa yin suna a manyan ƙungiyoyinmu irin su Rangers ta Enugu ko Ranchers Bees ta Kaduna ba. A 1988 ne ya shigo tawagar ƙasa, wadda muka saba kira Green Eagles, a ƙarƙashin koci Bajamushe Manfred Höner. Nan da nan ya fita daban. Ga gashi a murɗe har kafaɗa, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani, ga shi ba ya gajiya. Aikin ɗan wasan tsakiya shi ne ya ƙwace ƙwallo idan abokan hamayya sun taso, ya kuma raba ta ga 'yan gaba idan an samu hanya, kuma shi duka biyun yake yi daga farkon wasa har ƙarshe.

Gasar cin kofin Afirka ta Maroko a watan Maris na 1988 ita ta sa sunansa ya shiga kowane gida. A wasan rukuni da Kamaru a birnin Rabat, a minti na biyu kacal ya ɗirka ƙwallo a raga daga nesa. Roger Milla ya farke, aka tashi kunnen doki 1-1. Najeriya ta fitar da Aljeriya a wasan kusa da na ƙarshe da bugun fenareti, sannan ta sake haɗuwa da Kamaru a wasan ƙarshe a Kasablanka ranar 27 ga Maris. Henry Nwosu ya ci da ka, alƙalin wasa ya soke, Emmanuel Kundé ya ci mana ɗaya da fenareti, kofi ya tafi Kamaru. Har yau tsofaffin 'yan kallo ba su huce ba. A shekarar dai Okwaraji ya je gasar Olamfik ta birnin Seoul tare da tawagar Najeriya. Abokan wasansa sun sha ba da labarin cewa idan aka gayyace shi, da kuɗin aljihunsa yake sayen tikitin jirgi ya taho, ba ya jiran sai an aiko masa.

To, me ya haɗa wannan da Kafanchan? Garinmu mahaɗar jirgin ƙasa ce. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Enugu da Makurɗi a nan yake rabuwa, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau wajen Jos. Saboda haka tun tasowarmu muna tare da Fantswam da Bajju da Kaninkon da mutanen Kagoro, ga Ibo da Yarbawa da aikin reluwe da kasuwanci suka kawo. Amma a watan Maris na 1987 rikici ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Bayan ƙura ta lafa, zama bai koma kamar da ba. Akwai gidajen da iyayenmu suka hana mu shiga. Wuri ɗaya da na ga ana sake cakuɗuwa shi ne gaban rediyon wani mai shagon magani a layinmu, shi ma mutumin Imo ne, ranar da Najeriya ke wasa.

A nan muke tsugune ranar Asabar, 12 ga Agusta, 1989. Wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya ta Italiya ne, Najeriya da Angola a Surulere. Filin ya cika ya tumbatsa, ga zafi, har wasu 'yan kallo suka rasa rayukansu a cunkoson wannan rana. Stephen Keshi ya ci mana ƙwallo ɗaya. A wajen minti na 77, ba wanda ya taɓa shi, Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi. Aka fitar da shi, aka ci gaba da wasa, aka tashi 1-0. Mu dai muka watse muna murna, mun ɗauka gajiya ce. Sai daga baya labari ya iso cewa ya cika. Na tuna mai shagon nan ya rufe ƙofa ya zauna a kan benci ya dafe kai, mahaifina kuwa, wanda ya daɗe bai taka wajen ba, ya sa hularsa ya je ya yi masa ta'aziyya kamar ɗan'uwansa ne ya rasu.

Binciken likitoci ya nuna zuciyarsa ta yi girma fiye da ƙima, kuma yana da hawan jini. Mako biyu bayan haka Kamaru ta doke mu 1-0 a Yawunde, ita ta tafi Italiya har ta kai zagayen kwata fainal, mu muka zauna a gida. An sa wa filin wasa na Orlu sunansa. A 2009, da ya cika shekara 20 da mutuwa, Gwamna Babatunde Fashola ya ƙaddamar da mutum-mutumin nan na Surulere, sannan a ranar 19 ga Mayu, 2019 kamfanin Google ya sa hotonsa a shafinsa na farko.

Irin wannan mutuwa ba a kansa ta tsaya ba. A 2003 Marc-Vivien Foé na Kamaru, shi ma ɗan wasan tsakiya, ya faɗi a birnin Lyon na Faransa bai tashi ba. Amma a 2021, da zuciyar Christian Eriksen na Denmak ta tsaya ana tsakiyar wasa, likitoci suna kusa da na'urar farfaɗo da zuciya, aka ceto shi, har ya dawo ya ci gaba da taka leda. Ciwon zuciya yakan ɓoye a jikin ƙaƙƙarfan saurayi ba tare da wata alama ba, sai ranar da aka matsa masa.

Wannan ne ya sa na rubuta. A unguwanninmu na Legas da Sabon Ibadan da Ama Hausa ta Owerri, yara da yawa sun sa rai ƙwallo ce za ta fitar da su, wasu har sun jingine makaranta. Ɗan ƙanena yana cikinsu, tsakiya yake bugawa, kuma wallahi ya iya. Da ya zo neman kuɗin takalmin ƙwallo, sharaɗi biyu na gindaya masa: ya koma aji ya zana jarrabawarsa, sannan mu je asibiti a auna jininsa a duba zuciyarsa. Ya yi ta gunaguni, ni kuma na sa shi a mota muka biya ta Surulere na nuna masa mutumin da ya riƙe digiri biyu kuma ya buga wa ƙasarsa wasa. An auna shi, an ce lafiyarsa ƙalau, alhamdulillahi, amma likita ya ce a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci.

Ina roƙon iyaye da masu horar da yara a filayenmu su yi haka. Yaron da ke yawan jin jiri, ko ciwon ƙirji, ko ya taɓa suma a fili, a kai shi asibiti kafin ya sake sa takalmi. Awon jini bai kai kuɗin riga ɗaya ta Chelsea ba.