Tarihi: Harry Brearley, mai wankin kwalaben da ya gano ƙarfe marar tsatsa

Daga kasuwar Kure da ke Minna har zuwa garuruwan da ke kan hanyar Bida irin su Garatu, da wuya a shiga gida ba a tarar da cokali ko kofi ko faranti na farin ƙarfen nan da ake kira silba ba. Da irinsa ake ƙera almakashin likita da tankunan masana'antun madara da lemo. Mutumin da aka fi danganta samuwarsa da shi, wato Harry Brearley, bai yi karatun jami'a ba, kuma sai da ya bar aikinsa saboda jayayya a kan wanda ke da haƙƙin abin da ya gano.

An haifi Brearley ranar 18 ga Fabrairu, 1871, a birnin Sheffield na Ingila, garin da ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe. Mahaifinsa, John, ma'aikacin narka ƙarfe ne a kamfanin Thomas Firth & Sons. Yana da shekara 12 ya bar makaranta ya shiga leburanci a masana'antar da mahaifinsa yake aiki. Daga baya aka mayar da shi ɗakin gwaje-gwaje, inda aikinsa shi ne wanke kwalabe.

A nan ne babban masanin sinadarai na kamfanin, James Taylor, ya lura da ƙwazon yaron, ya ƙarfafa masa gwiwar neman ilimi. Brearley ya riƙa karatu a gida da makarantar dare, har ta kai a 1902 shi da Fred Ibbotson suka wallafa littafi a kan hanyoyin tantance sinadaran da ke cikin kayan masana'antar ƙarfe. A 1904 kamfanin Firth ya tura shi masana'antarsa da ke Riga, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha. Bayan dawowarsa, a 1908, aka damƙa masa shugabancin ɗakin bincike na haɗin gwiwa tsakanin Firth da kamfanin John Brown.

A 1912 aka kawo masa wata matsala ta masu ƙera makamai: zafin harbi yana cinye cikin bututun bindiga tun bai daɗe ba. Sai ya shiga gwada gauraya ƙarfe da sinadarin kuromiyom a ma'auni daban-daban. Ranar 13 ga Agusta, 1913, aka narka wani haɗi mai kuromiyom kashi 12.8 cikin 100 da kabon kashi 0.24. Al'adar masu bincike ita ce su shafa wa ƙarfe ruwan asid domin zanen cikinsa ya fito a madubin ƙara girma. Wannan ƙarfe kuwa asid ɗin ya kasa cin sa. Akwai labarin da ya yaɗu cewa a tarin tarkacen da aka yar ya hango guntun yana ƙyalli alhali sauran sun yi tsatsa, sai dai gwajin asid ɗin ne masana tarihi suka fi dogara da shi.

Sirrin abin shi ne, idan kuromiyom ya kai kashi 10.5 ko fiye, yakan haɗu da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani a saman ƙarfen. Ita ke tare ruwa, kuma ko an karce ta takan sake rufewa da kanta.

Da yake ɗan garin maƙeran wuƙa ne, nan da nan tunanin Brearley ya koma kan wuƙar cin abinci, wadda a wancan zamani sai an goge ta kullum don kada ta yi tsatsa. Ya gwada ƙarfen da ruwan lemon tsami da ruwan khal, bai yi tabo ba. Amma shugabannin Firth ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, maƙeran farko da aka bai wa kuma suka koka cewa yana da taurin kai a wajen ƙira da wasawa. Ernest Stuart na kamfanin R. F. Mosley ne ya jure har ya fitar da wuƙaƙe masu kyau, shi ne kuma ake cewa ya ba da shawarar a kira ƙarfen marar tabo maimakon marar tsatsa, sunan da ya bi shi a Turance har yau.

Da amfanin ƙarfen ya bayyana, sai rigima ta tashi. Kamfanin ya ɗauka cewa duk abin da ma'aikacinsa ya gano mallakarsa ne, Brearley kuwa bai yarda ba. A 1915 ya ajiye aiki ya koma kamfanin Brown Bayley, inda ya zama darakta a 1925. Ya samu takardar haƙƙin mallaka a Amurka a 1916, a can ma ya tarar Elwood Haynes yana da'awar irin wannan ƙarfe, daga ƙarshe suka haɗa kai a kamfani guda. A Jamus kuma Benno Strauss da Eduard Maurer na kamfanin Krupp sun riga sun yi rajistar nasu haɗin mai kuromiyom da nikel tun 1912. Abin da ya bambanta Brearley shi ne ya hango amfanin ƙarfen a rayuwar yau da kullum, ya kuma dage har ya isa kasuwa. A 1920 aka ba shi lambar zinare ta Bessemer.

Wanda ya gaje shi a ɗakin binciken, W. H. Hatfield, shi ya fitar da haɗin kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8 a 1924, wanda aka fi yin kayan girki da shi a yau. Kukan maƙeran farko bai ƙare ba, domin irin wannan ƙarfe yakan ƙara tauri yayin da ake yankansa, ya dakusar da bakin inji. Shi ya sa ake ƙara farar wuta kaɗan a wani nau'insa domin ya yi sauƙin sassaƙa. Tsadar nikel da kuromiyom kuma ita ta sa tsohonsa ya fi baƙin ƙarfe daraja a wurin 'yan gwangwan, tunda ana sake narka shi ba tare da ingancinsa ya ragu ba. Sukan bambance shi da maganaɗisu: ba ya kama nau'in Hatfield sosai, amma yana kama na wuƙa irin na Brearley.

A 1941 Brearley ya kafa gidauniyar Freshgate domin bai wa masu ƙaramin ƙarfi irin waɗanda ya taso a cikinsu damar tafiye-tafiye da ilimi da fasaha. A shekarar ce kuma ya wallafa tarihin rayuwarsa. Ya mutu ranar 14 ga Yuli, 1948, a garin Torquay, yana da shekara 77.